Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Maganar Allurar Wata Uku

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayyar Nijeriya,





Ranka ya daɗe, ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, na ajiye aiki ina hedimasta. Shekaruna 68 a duniya. Yau shekara uku da 'yan watanni ke nan ina zaune da ciwon daji na ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostet, gidajen rediyo kuma suke ce masa kansar mafitsara. Nawa ya riga ya bar inda ya tsiro, ya shiga ƙashin ƙugu da gadon baya, tun kafin a san sunansa.

Kai kuka jarida ba ɗabi'ata ba ce. Takarda uku na rubuta zuwa ofisoshin da aka ce mini ta nan ake bi. Ɗaya an buga mata hatimin karɓa, biyu har yau ko ɗuriyarsu. Sau biyu na je da ƙafata, da sandata, aka ce oga ya fita taro, in dawo wani makon. Mai irin ciwona ba ya yi wa wani makon alkawari da yawa, shi ya sa na biyo ta nan. Kuma ina neman afuwarka da ta masu karatu tun yanzu, domin zan ambaci fitsari da maraina a bainar jama'a, abin da dattijo irina bai saba ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada ka ɗauka wasiƙar mai jiran likkafani ce. Alhamdu lillahi, da ƙafata nake zuwa masallaci. Bana ma na shuka gyaɗa a bayan gida, na kuma ga auren autata, wanda a daren da aka gaya mini sunan ciwon na cire rai da gani. Abin da nake so ka sani shi ne wannan ciwo, ko ya kai ƙashi, ana iya danne shi shekaru, mutum ya ci gaba da harkarsa. Sai dai dannewar tana da farashi, tana kuma da rana a kalanda. Ranar da aka tsallake, ciwon ba ya tsallakewa.

Bari in fara da shekara biyun da na yi asara. Da farko tashin dare ne, sau biyu, sau uku, har ya kai uwargida ta riƙa ajiye mini buta biyu a bakin ƙofa. In na tsuguna sai in yi ta jira, fitsarin ya zo siriri kamar zare, in tashi in ji kamar ban yi ba. Abokai suka ce sanyi ne. Mai magani da lasifika a kasuwar garinmu ya ce sanyin mara ne ya haɗu da basir, ya ba ni garin da ake sha a kunu. Yaron kemis ya ba ni kafso kala uku. Na je ƙaramin asibiti ba sau ɗaya ba, kullum a auna jini a ce taifod da maleriya. Da ƙuguna ya fara ciwo, kowa ya ce tsufa ne, ni ma na yarda, don ita ce amsar da ta fi sauƙin ji. Sai wani dare fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya. Marata ta kumbura kamar tulu, ina juyi a tabarma ina salati, ɗana ya ɗauko ni a mota zuwa birni. Aka sa mini robar fitsari. Washegari wani matashin likita, sa'an ɗana, ya roƙe ni cikin ladabi in bari ya duba ƙululun da yatsa ta baya. Na ji nauyi ƙwarai, amma minti ɗaya bai cika ba ya gama. Ya tura ni awon jinin da ake kira PSA. Ya ce in lambar ta haura 4 ana fara bincike. Tawa 214 ce.

Yallaɓai, a cikin shekara biyun nan babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya da ya ambata mini wannan awo. Ba na zargin yaran, abin da aka koya musu suke yi, da kayan da aka ba su. Amma wannan ciwo shi ne kan gaba cikin ciwukan dajin da ke kama maza a Nijeriya, kuma ya fi bin baƙar fata. A Ingila an ƙiyasta cewa namiji ɗaya cikin takwas zai gamu da shi a rayuwarsa, amma a tsakanin baƙaƙe ɗaya cikin huɗu ne. To mu da muke baƙaƙe kaf, ta yaya dattijo zai je asibiti yana kukan fitsari a sallame shi da maganin taifod? Na san ba duk kumburin ƙululu ne daji ba, yawancinsa na shekaru ne kawai, kuma lamba mai yawa ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba sai an gutsuro tsoka an duba. Na kuma san a farkonsa ciwon yakan zauna shiru ba alama. Duk wannan dalili ne na a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wanda za su auna da wanda za su tura gaba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Wannan daji da sinadarin mazantaka yake rayuwa, wanda maraina ke samarwa. In aka datse masa shi, sai ya yi yaushi kamar shukar da aka hana ruwa. Ba sabon ilimi ba ne. Wani likita a Amurka, Charles Huggins, shi ya nuna haka tun 1941, har aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Ni allura ake yi mini a fatar ciki duk wata uku, mai suna Zoladex. Bayan ta farko da 'yan makonni aka cire mini roba, na yi fitsari da kaina, na fito daga banɗaki ina dariya ni kaɗai kamar yaron da aka yi wa ɗinkin Sallah. Bayan wata shida na karɓo sakamakon awo, na kasa buɗewa, na miƙa wa ɗana a bakin ƙofar ɗakin gwajin. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Baba, 1.3." A nan kan siminti na yi sujada. Takardar tana nan cikin jakar da nake ajiye takardar shaidar malantata.

Allurar tana da nata wahalhalu, ba zan ɓoye ba. Zafi yakan taso mini daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa riga ko da a tsakiyar hunturu ne. Ga kasala, ga teɓa, ga abin da ke tsakanin miji da mata ya kwanta. Wannan na ƙarshe babu wanda ya zaunar da ni da mai ɗakina ya yi mana bayani, sai da ta yi watanni tana zaton wani laifi ta yi. Duk da haka ciniki ne da na yarda da shi, kuma gobe ma zan sake yarda.

Sai 2023 ta zo. Aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, maganin da daga waje ake shigo da shi ya bi dala ya tafi. Kafin shekara ta zagayo, allura ɗaya ta fi ƙarfin fanshona na wata biyu, fanshon da shi ma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Na sayar da gonar fadama. Uwargida ta sayar da awakinta, daga baya ta cire 'yan kunnen da take ajiyar su tun aurenmu, ba ta gaya mini ba sai da na ga kunnen. Duk da haka akwai lokacin da na yi wata bakwai ba allura maimakon uku. Rabin jinkirin rashin kuɗi ne, rabi kuwa kuɗin na hannu amma kantin maganin asibitin ya ce babu, sai dai in nema a waje. A waje kuma wa zai tabbatar mini da ingancinta? A jikin kwalin an rubuta kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25, mu kuwa a bazara muna haura 40, shagon ba wuta ba fanka. Cikin waɗannan watanni ciwon ƙugun ya dawo, lambar ta tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An sake danne shi, amma bai koma inda yake da ba, kuma likitana ya fara yi mini maganar mataki na gaba, ƙwayar abirateron da ake sha kullum, ko ƙarin ruwan kimo. Ita ƙwayar tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. A wurinmu labarinta kawai muke ji.

Akwai wata hanya, kuma adalci ne in faɗe ta. Ana iya yin ƙaramar tiyata a cire 'ya'yan maraina, sau ɗaya tak, aikin da allurar ke yi ya samu ba tare da sayen komai duk wata uku ba. Likitoci sun ce amfaninsu ɗaya. A ganina magani ne na mutunci, kuma ya fi dacewa da aljihun talaka. Amma a kan bencin asibiti sunansa dandaƙa, kuma wannan kalma kaɗai ta kori mutane da yawa. Na san wani manomi da muke layi tare, mai fara'a, kullum da goro a aljihu. Ranar da aka yi masa maganar tiyatar ya naɗe takardunsa ya tafi, ya ce gara ya koma ga Ubangijinsa da cikar halitta. Bayan wata takwas aka dawo da shi a kan katifa a bayan a-kori-kura, ƙafafu sun daina motsi. Da an samu wani ya ba shi rabin awa, da harshensa, ya haɗa shi da wanda aka yi wa aikin yake noma abinsa, ina kyautata zaton da yanzu muna gaisawa. Likita ɗaya da mutum sittin ke jira a ƙofarsa ba shi da wannan rabin awa. Kuma duk wanda zai zaɓi tiyata, ya kamata ya zaɓe ta don ya fahimta, ba don aljihu ya zaɓa masa ba.

Maganar gashi kuwa, wato hasken na'ura da ake ƙona dajin da shi, nan ne na ga abin da ya fi ƙarfin idona. Ga mai ciwon ƙashi irina, sau da yawa gashi ɗaya tak yana kwantar da raɗaɗin watanni. An tura ni wani asibitin koyarwa mai nisan awa shida a mota. Muka isa da yamma, muka kwana a baranda ni da ɗana, cikin sauro, tare da mutanen da wasu daga bakin iyakar Nijar suka taso. Da safe aka ce na'ura ta lalace tun makon jiya, ana jiran injiniya. Babu wanda ya buga mana waya, alhali lambata tana kan katina. Muka juyo. Kowane rami a hanya sai na ji shi a gadon bayana. Sai a zuwa na uku aka yi mini, kuma aikin kansa bai kai minti goma sha biyar ba. Ni na iya jira. Wanda dajin ya danne wa lakar baya ba ya iya jira, domin in aka wuce kwana ɗaya ko biyu ba a yi komai ba, ƙafafun kan tafi ke nan.

Yabon gwani ya zama dole. Na ji daɗin labarin sababbin cibiyoyin ciwon daji da aka buɗe a 2025 a Katsina da Inugu da Benin, kuma ta Katsina za ta rage wa dubban mutanenmu tafiya. Sai dai mun saba ganin ranar yanka kirtani, ba mu saba ganin shekara ta uku ba. Na'ura tana son wuta mai tsayawa, da kwangilar gyara, da ma'aikatan da ba su tattara sun tafi Saudiyya ko Ingila ba. Ka sa ido a nan, ranka ya daɗe, fiye da yadda aka sa ido a ginin.

Sai raɗaɗi. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, aka kuma matsa wa masu safarar tiramadol, abin da duk uba mai hankali ya yi murna da shi, sai mai jinyar gaskiya ya shiga tsaka mai wuya. Ruwan mofin da ake ba mai ciwon daji ba tsada gare shi ba, amma samunsa sai a manyan asibitoci, kuma in ka tambaya a wani wurin sai a bi ka da kallo kamar ɗan ƙwaya. Na taɓa kwana a ɗaki ɗaya da wani dattijo da ya ciji zanen gado har asuba don kada jikokinsa da ke baranda su ji kukansa.

Na san akwai dokoki da tsare-tsare. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, har da tanadin asusu na marasa galihu. A 2021 aka fara asusun tallafa wa masu ciwon daji na mama da na bakin mahaifa da irin nawa, a asibitoci shida, cikinsu har da Zariya da Gombe da Abuja. Tsari ne mai kyau. Amma ka tuna su wane ne masu wannan ciwo. Yawancinmu mun haura 60. Ko dai mun bar aiki, ko manoma ne da masu tireda da ba su taɓa riƙe katin inshora ba, wasu ma ba su iya karatun boko ba, balle cike takarda a intanet. Ni da nake karanta jarida sai a shekarata ta biyu na ji labarin asusun, a bakin wani majinyaci. Tun 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Mu da muka karɓi baƙuncin taron ba mu taɓa cika alkawarin ba. Wannan ba a hannunka kaɗai yake ba, na sani, amma kai ne mai kujera a ɗakin da ake rabon.

Akwai abin da kuɗi ba sa saye, shi ne a daina ɓoyo. Nelson Mandela an yi masa gashin wannan ciwo a 2001, duniya ta sani, ya rayu har 2013. Desmond Tutu an gano nasa a 1997, ya kai 2021. Wole Soyinka ya fito da bakinsa a 2014 ya ce ya yi jinyarsa. A watan Mayun 2025 aka sanar cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden yana da shi, har ya kai ƙashi kamar nawa. Ranar da na ji wannan a rediyo sai na daina tuhumar kaina da sakaci. Mu kuwa a nan Arewa, babban mutum yakan tafi Misira ko Indiya a asirce, in ta Allah ta kasance a ce ya rasu bayan doguwar jinya, talakan da ke fama da buta biyu a bakin ƙofa bai ƙaru da komai ba. Matanmu sun fi mu jarumta a nan. Sun fito sun yi maganar ciwon mama a rediyo da tarukan biki, mu muna nan muna cewa sanyi ne.

Mu da ke layin asibiti mun kafa 'yar majalisarmu ba tare da kowa ya sa mu ba. Muna musayar lambar waya, wanda ya ji an kawo allura ya sanar da sauran, wanda sakamakonsa ya yi kyau ya sayi ƙosai. Wani cikinmu ya yi wata huɗu ba ya zuwa jam'i saboda ɗigon fitsari da ledar da ke ƙarƙashin rigarsa, yana ganin ba shi da tsarki. Muka raka shi wurin limaminmu, ya yi masa bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa mai irin wannan lalura. Jumma'ar da ta biyo baya a sahun gaba ya yi salla. Ban taɓa ganin maganin da ya miƙar da mutum da sauri haka ba, kuma ko kwabo ba a kashe ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Babbansu shi ne allurar nan. A sa ta, da ƙwayoyin da ke biye da ita, cikin abin da inshora da asusun tallafi ke ɗauka gaba ɗaya ga tsofaffi da 'yan fansho. Gwamnati ta saye ta da yawa kai tsaye don farashin ya sauko, a ajiye ta yadda ya kamata, a kuma kai ta manyan asibitocin jihohi, domin allurar minti biyu ba ta cancanci tafiyar kwana guda ba. Kowane mai ciwon an san ranar allurarsa wata uku kafin ta zo, don haka babu dalilin da za a ce ta ƙare ba zato.

Ina roƙon a sa awon PSA cikin aikin yau da kullum na asibitocin ƙananan hukumomi, ga duk namijin da ya zo da kukan fitsari ko ciwon ƙugu mai naci, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon. A tabbatar kowace na'urar gashi tana da kuɗin gyaranta a rubuce, kuma in ta tsaya a buga wa majinyata waya kafin su hau mota. A sauƙaƙa samun mofin ga wanda likita ya rubuta wa. A ɗauki ma'aikatan jinya, maza da mata, waɗanda aikinsu shi ne zama da majinyaci da iyalinsa su yi musu bayani da Hausa, ko Fulatanci, ko Barbarci. Sannan ka nemi sarakuna da limamai da gidajen rediyo su ɗauki wannan magana kamar yadda suka ɗauki ta shan inna. Ranar 4 ga Fabrairu ta kowace shekara ana taron ciwon daji a otal a Abuja. A gwada yin sa sau ɗaya a ƙofar fadar hakimi, ranar kasuwa. In ana neman dattijon da zai tsaya ya ce ga abin da ya same shi, ga ni.

Mu tara ne a majalisar tamu lokacin da muka fara, yanzu mu shida ne. Allurata ta gaba ranar 14 ga watan gobe ce, kuma zuwa yau rabin kuɗin ne a hannu. Ina roƙonka, don girman Allah, ka sa a duba wannan wasiƙa kafin mu koma biyar.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Tsohon hedimasta, mai jinya.